Bindigogi Biyu A Tebur Ɗaya

Aikina yankan ƙarfe ne. A wata ƙaramar masana'anta nake a jihar Ohio ta Amurka, inda muke fere sassan injuna, kuma daga nan sha'awar tsofaffin bindigogin soja ta kama ni, domin wanda ya saba da inji, in ya ga ƙarfen da aka yanka shekara tamanin da suka wuce, sai ya tsaya ya ga ta ina wuƙa ta bi. A nan doka ta yarda mutum ya mallaki irin waɗannan bindigogi in ya cika sharuɗɗa. A gida Najeriya ba haka ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai cin harsashin .303 cikin waɗanda aka haramta wa farar hula, sai da izinin shugaban ƙasa. Na faɗi wannan da wuri don kada wani ya karanta ya ce bari ya tono ta kakansa.

Kawuna ne ya zo ganin likitan ido ya sauka wurina, zaman gida ya ishe shi. Tsohon ɗan sanda ne, ya yi shekaru yana saɓa bindigar nan da a gida ake kira Mak 4, wato Lee-Enfield ta Ingila. Ranar Asabar na ɗauke shi zuwa kasuwar baje kolin bindigogi da ake ci a wani babban zaure a bayan gari. Tebura ne a jere, kowa da hajarsa, daga mai tsofaffin hulunan kwano har mai kilishinsu na Turawa. Duk bindigar da za ta shiga sai an duba ta a ƙofa, an ɗaure ta da igiyar roba yadda ba za ta tashi ba.

A wani tebur muka tarar da wani dattijo Bature yana sayar da kayan yayansa da ya rasu. Cikin kayan akwai gajerun Lee-Enfield guda biyu, kowacce da 'yar takarda a rataye, an rubuta Jungle Carbine, a ƙasa kuma an rubuta cewa da ita aka yi yaƙin Boma. Ɗaya sai sheƙi take, katakonta ya sha mai, ƙarfenta baƙi wuluk. Ɗayar kuwa fentinta duk ya ɓare, katakon ya sha duka, robar gindinta ta bushe ta tsattsage. Kuɗin mai sheƙin ya kusa ninka na 'yar'uwarta.

Ganin Boma a takardar ne ya tsayar da Kawu. Mahaifinsa, kakana na wajen uwa, yana cikin dubban 'yan Arewa da aka kwasa a Yaƙin Duniya na Biyu aka kai su can yaƙi da Japan. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma ne suka yi wannan aiki, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, har suka kama garin Myohaung a Janairun 1945. Barikin Chindit na Zariya da na Dalet a Kaduna duk daga can sunayensu suka fito. Kawu ya ɗora hannu a kan mai sheƙin ya ce, “Kai, ɗana, irin wannan Baba ya riƙe ke nan?”

Na ce, “Kawu, bari mu duba tukuna.”

Ita Jungle Carbine ɗin, sunanta na hukuma No. 5 Mk I. A 1944 Ingila ta fara ƙera ta. An ɗauki No. 4 ne, wato doguwar da ake kira Mak 4, aka rage mata tsawo da nauyi domin sojan da zai kutsa cikin kurmi ko ya diro da lema. Bututun ya sauka daga inci 25 da ɗoriya zuwa ƙasa da inci 19, nauyi kuma daga kilo huɗu da 'yan kai zuwa wajen kilo 3.2. An sa mata wani ƙarfe mai siffar mazurari a baki don rage walƙiyar wuta, aka sa roba a gindi. Masana'anta biyu kacal suka yi ta: ta gwamnati da ke Fazakerley a Liverpool, wadda ta yi wajen 170,000, da kamfanin BSA a Shirley kusa da Birmingham, wanda ya yi wajen 81,000. A 1947 aka daina. No. 4 kuwa miliyoyi aka yi. To da aka gama yaƙi aka riƙa jigilar ragowar makamai zuwa Amurka a shekarun 1950 da 1960, sai 'yan kasuwa suka lura gajeriyar ta fi tafiya. Wani kamfani a Kalifoniya, Golden State Arms, ya riƙa yanke dogayen yana mai da su gajeru yana sayarwa da sunan Santa Fe. Su dai sun buga sunansu a jiki, ba su ɓoye ba. Matsalar daga baya ta zo, lokacin da ɗaiɗaikun mutane suka gane cewa mazurari da roba da gajeren katako duk ana sayar da su a kasuwa, kuma magagari yana share rubutu.

Saboda haka abin da ya fara ɗaukar ido shi ne abin da ba shi da amfani wajen bincike. Na nemi izinin dattijon, ya yanke igiyar robar, na cire gidan harsashi, na ja sakata na leƙa ciki. Kawu ma ya karɓa ya leƙa da kansa, ya zura ɗan yatsa, duk da ya ga na duba. Ya ce shi ba a miƙa masa bindiga ya yarda da bakin wani.

Na fara da rubutun da ke gefen hagu na uwar bindigar, wato ƙarfen da sakata ke gudu a cikinsa. A jikin mai sheƙin an buga No 5 Mk I da haruffa masu zurfi, tsaf, ko daga nesa za ka karanta. A jikin tsohuwar sai da na kunna tocilar waya na karkata ta sannan rubutu ya fito, siriri, kamar an yi shi da tsinken allura: No 5 Mk I, sai ROF da F a cikin baka, sai 4/46, sai lambar bindiga. Kawu ya ce ai wannan rubutun yara ne, wani ne ya zauna ya karce. A gaskiya shi ne rubutun da ya dace. Fazakerley da alƙalamin lantarki suke rubutawa, ba shi da zurfi, in fenti ya hau kansa da ƙyar ake gani. Na BSA kuma suna ɗauke da alamar M47C a ƙarfen da ya haɗa uwar da ƙota. Wanda ya zo yin jabu yakan so aikinsa ya fito da kyau, shi ya sa yake wuce gona da iri.

Na shafa gefen mai sheƙin da babban yatsa. Akwai ɗan kwari a wurin, ba a gani sai an ji. An goge wani abu kafin a buga sabon rubutu, sannan aka sake baƙanta ƙarfen. Wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin tsofaffin bindigogin Ingila da yawa sun koma masana'anta an yi musu garambawul, an goge, an sake fenti, an buga FTR a jiki. Amma babu FTR a nan.

Na juya gefen dama. A No. 5 ta gaske, da No. 4 da aka yi a Ingila, akwai wani ɗan maɓalli mai sifirin a bayan gadar da ake ɗura harsashi, shi ake dannawa a ɗaga kan sakata a zare ta. Tsohuwar tana da shi. Mai sheƙin ba ta da shi. Maimakonsa an yi 'yar tsaga ce a kan layin da kan sakata ke bi, can gaba. Wannan dabara ce ta sauƙaƙa aiki a lokacin yaƙi, kuma masana'antu biyu ne suka yi amfani da ita: Long Branch a Kanada da Savage a Amurka. Babu ɗaya cikinsu da ta taɓa ƙera No. 5 don rabawa sojoji. Na duba lambar da ke wuyan ƙota, sai ga harafin L a tsakiyar lambobi, yadda Long Branch ke yi. Da Savage ce da C zan gani. Wanda ya goge sunan masana'antar ya manta da lambar, ko bai san tana magana ba.

Daga nan na riga na san amsar, amma na ci gaba, saboda ina son dattijon ya gani da idonsa, kuma saboda wannan ne ɓangaren da nake jin daɗinsa. Abin da ya sa No. 5 ta zama No. 5 shi ne ƙarfen da aka cire mata. Ana iya ƙara mazurari, ana iya ƙara roba, ana iya buga rubutu. Amma a cire ƙarfe a daidai inda masana'anta ta cire, sai an kwance bututu daga uwa, an ɗaure a inji, an san zurfi da faɗi. Kuɗin wannan aiki ya fi ribar da za a samu, shi ya sa masu jabu ba kasafai suke yi ba.

Na ajiye su gefe da gefe, gefen hagu yana sama. A tsohuwar, bangon uwar ya sauka ƙasa a ƙarƙashin saitin baya, ya yi mataki a fili, har kana hango haske tsakanin saiti da bango. A mai sheƙin bangon a cike yake. Ƙululun hannun sakatar tsohuwar an huda shi ya yi rami, na ɗayar dunƙulalle ne. Ƙarfen da ya kewaye kunama da gidan harsashi, a tsohuwar an tsuke shi ta gaba, a ɗayar da faɗinsa. Na ɗaga saitin baya: na tsohuwar ya tsaya a yadi 800, na mai sheƙin ya hau har 1300, wanda na doguwar ne. Sakata da saiti dai ana musanya su, kowa na iya sayo na gaske ya ɗora, don haka ban ba su nauyi sosai ba. Bangon uwa ne ba a musanyawa.

Sauran abu ɗaya a ɓoye yake ƙarƙashin katakon sama. Na roƙi dattijon ya bari in kwance sukuru ɗaya in zame zoben da ya riƙe katakon. Ya ɗan yi jim, ya ce ba ya son a lalata kayan yayansa. Kawu, wanda Turancinsa na bariki ne amma yana isar da saƙo, ya ce masa a garinmu ba a cinikin biri a sama. Sai da na fassara masa, ya yi dariya, ya miƙo mini sukudireba daga akwatinsa.

Na fara da tsohuwar. Sukurun ya yi tauri, tsohon giris ya daskare a kansa. Da katakon ya ɗago sai wani wari ya taso, na mai da ƙura da aka daɗe ba a buɗe ba. Na goge gindin bututun da tsumma. Ga su nan, ramuka dogaye an fere su a kewayen wurin da bututu ya fi kauri, dab da inda ya shiga uwa. Na sa tocila. Sawun wuƙar inji yana nan a cikin kowane rami, layi-layi, kuma baƙin da ke cikin ramin iri ɗaya ne da na sauran bututun, tsatsar da ta ɗan taɓa gefe ta shiga ramin ta fita ba tare da ta tsaya ba. Da daga baya aka yi yankan, da launin ciki ya bambanta, da bakin ramin ya fi kaifi. Kusa da su akwai 'yar kibiyar nan ta gwamnatin Ingila da lambar 46. Na kira Kawu ya sa farce ya ji. Ya ce shi shekarun da ya yi yana goge Mak 4 bai taɓa ganin rami a wurin ba. Na ce ai ita ba ta da shi.

Na buɗe mai sheƙin. Sumul, zagaye, babu ko ƙwarzane. Bututun No. 4 ne aka datse. Kawu ya ɗauki wannan a hannun dama, waccan a hagu, ya jijjiga su, ya ce wannan ta fi nauyi. Ya mai da ita kan tebur ya ce, “Kama da wane ba wane ba ne.”

To amma kasancewar tsohuwar ta gaske bai sa ta zama lafiyayya ba, kuma a nan ne masu saye da yawa suke sakin jiki da wuri. Lambar bindiga tana kan uwa, tana bayan hannun sakata, galibi kuma akwai ta a gidan harsashi da ƙasan katakon gaba. Ta uwa da ta katako sun yi daidai. Ta sakata daban take: sakatar No. 5 ce ta gaske, amma ta wata bindigar. Gidan harsashin ba shi da lamba ko ɗaya. Wannan yana rage daraja wurin masu tarawa, kuma ya fi haka muhimmanci ga wanda zai harba, domin kowace sakata da uwarta aka daidaita ta. Na leƙa cikin bututu ta baya, na sa farar takarda a baki don haske ya dawo. Layukan ciki suna nan, amma da duhu a tsakaninsu. Harsasan wancan zamani suna barin gishiri mai jawo tsatsa in ba a wanke da ruwan zafi ba. Kawu ya ce su ma haka aka koya musu, tafasasshen ruwa ake ɗurawa ta baya bayan an dawo daga filin harbi.

A kusa da bakin uwa akwai kambi da haruffan BNP, hatimin gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda aka fara amfani da irinsa a 1954. Shi ke nuna cewa ta bar hannun soja ta shiga hannun 'yan kasuwa bayan wannan shekara. An kuma buga ENGLAND a wuyan ƙota, alamar ƙasar asali da ake sa wa kayan da aka shigo da su Amurka kafin dokar 1968 ta sauya tsarin. Waɗannan hatimai ba su da kyan gani, wasu ma suna ƙyamar su, amma ni ina son ganinsu, don suna jera tafiyar bindiga daki-daki, kuma sun dace da juna.

Saura labarin Boma. Rubutun ya ce 4/46, wato Afrilun 1946. Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945. Bindigar da ba a ƙera ba sai bayan wata takwas ba ta yi wannan yaƙi ba. Ko waɗanda aka yi a 1944 da 1945 ma, wasu Turai suka nufa, sojojin lema na Ingila da suka shiga Norwe a 1945 sun riƙe su. Inda No. 5 ta yi suna da gaske shi ne Malaya daga 1948, da Kenya lokacin Mau Mau. Hotunan sojojinmu a Boma da na taɓa gani, dogayen ne a hannunsu. Na faɗa wa Kawu haka. Ya yi shiru, sannan ya ce to ai Baba ma bai taɓa cewa gajeriya ya riƙe ba, adda ya fi yawan ambata, da ruwan sama, da kayan da suke ɗauka a ka.

Abin da ya ɗan ba ni dariya shi ne, ita mai sheƙin, kafin a yanke ta, ta fi kusa da yaƙin. No. 4 ce ta Kanada, irin waɗanda aka yi ana tsakiyar fafatawa. Wanda ya datse ta don ya sayar da tarihi, tarihin ya datse.

Akwai wani zance da ke bin No. 5 duk inda ta je, cewa ba ta riƙe saiti: ka daidaita ta yau, gobe ta kauce. Hukumar sojan Ingila da kanta ta kafa hujja da wannan lokacin da ta ajiye ta a 1947, kuma ana ɗora laifin a kan ƙarfen da aka rage wa uwar, wai yana sa ta lanƙwasa in an harba. Wasu masu harbi sun ce ba su taɓa ganin haka ba, suna ganin soja ne kawai ya riga ya sa ido kan bindiga mai sarrafa kanta. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, ramukan da ake zargi da ɓata ta su ne yau ake biyan kuɗi a gani.

Faɗa wa dattijon shi ne mai wuya. Ba macuci ba ne, abin da ya tarar a rubuce a littafin yayansa ya kwafa. Na nuna masa tsagar, na nuna masa L, na ɗora yatsansa a gindin bututun wannan da na waccan. Fuskarsa ta canza. Ya ce yayan nasa ya fi ji da mai sheƙin, ita ya rataye a falo, tsohuwar kuma a bayan ƙofar gareji take. Ya ɗauki biro ya soke takardun biyu. A ta farko ya rubuta cewa No. 4 ce da aka gajarta, ya rage kuɗin. A ta biyu ya share Boma, ya ɗaga kuɗin, ya dube ni yana murmushi. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce da Hausa, “Ka ga wayonka. Da bakinka ka ƙara wa kanka kuɗi.”

Mun yi ciniki. Sakatar da ba tata ba da duhun bututu suka taimake ni ya sauko. Kafin in biya na ɗauke ta zuwa teburin wani maƙerin bindiga a ƙarshen zauren, ya sa ma'auninsa ya gwada tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi. Ya ce ta ɗan yi sako-sako, kada in harba tukuna. Sa'ar da aka yi, kan sakatar No. 4 da No. 5 kwancewa yake, kuma an yi shi girma-girma, daga lamba 0 zuwa 3, don daidai irin wannan gyara. Nata lamba 1 ne. Na cike takardar gwamnati wurin dillali mai lasisi, aka bincika sunana, aka ba ni.

Bayan an samo kai mai lamba 2 maƙerin ya sake aunawa, ya ce yanzu ta zauna. Robar gindin na bar ta yadda take, duk da ta yi tauri har ba ta tare komai, kafaɗata ta shaida. Abin da ya rage shi ne banati. Nata daban ne, mai faffadan zobe da zai shige kan mazurarin, kuma ba shi da yawa, kuɗinsa kan kai rabin na bindigar ko fiye. Sababbin kwaikwayo sun cika kasuwa, ana jiƙa su su yi tsatsa a ce tsofaffi ne. Waɗanda aka nuna mini zuwa yanzu duk na mayar.